Jan Layin da Na Ɓoye a Tunis

Ban san mutum na iya ɓacewa yana zaune a kan kujera ba sai da na je Tunis. Wata uku aka ba ni na gwajin aiki. In na yi abin kirki a riƙe ni, a yi mini takardar zama, in ɗauko matata Luba da 'yarmu Hassi. In ban yi ba, in koma shagona na bakin kasuwar Illela, inda nake gyaran kwamfuta da buga takardu, sana'ar da Baba ke kira wasa da talabijin. Shi da albasa da shanu ya tashe mu, kuma bai taɓa yarda cewa abin da ba a iya ɗora wa mota haja ba ne.

Abin da ya kai ni kuwa irin manhajar nan ce da ba a kulle ta, kowa na iya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya aika wa sauran duniya. Shekara biyu ina aika ƙananan gyare-gyare daga shagona, in layinmu ya ɗauke in kama na Ƙonni da ke tsallaken iyaka a Nijar. Wani ƙaramin kamfani da ke ajiye wa mutane bayanai ya ga sunana yana yawan fitowa, ya gayyace ni. A takardar da na cike na rubuta cewa ina jin Faransanci da Larabci, kuma har ga Allah ban ɗauka ƙarya na yi ba.

A Yamai na fara gane kurena. Kwana biyu na yi ina jiran jirgi, na tarar Faransancina na ciniki ne kawai. Na iya taya rago da sefa, na iya roƙon jandarma, amma ban iya tambayar ƙofar da zan bi ba. Na ce ba komai, ai Larabci na nan. Da na sauka Tunis na tari wani mutum da Larabcin da na koya a gaban malam, ya saurare ni har na gama, ya ce amin.

Wani kuma ya matso da fara'a ya karɓi akwatina, ya tambayi sunana da inda za ni. Ni da bakina na gaya masa komai. Nan take ya ce ai shi aka turo ya ɗauke ni. Ya sa ni a mota muka yi ta zagaya gari, ya tsaya ƙofar wani dogon gini ya ce in shiga in karɓo mabuɗi. Na shiga na tarar wurin gyaran haƙori ne. Da na fito ba mota, ba akwati. Kilishin da Luba ta ƙulle mini, da yaji, da rigar sanyin da na saya a gwanjo, duk sun bi shi. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa har da ƙarin surutu.

Da jakar kwamfutata kaɗai na isa ofis, ina rawar sanyi. Shugabar aikin wata mata ce, Amal, ba ta girme ni ba, mai magana kamar ana korar ta. Amma wanda ya fara kula da hancina na zuba wani dattijo ne mai farin gashi, Si Munsif. Washegari ya zo da wani kwat mai kauri ya rataya a kujerata, wai na ɗansa ne da ke waje. Ranar Juma'a ya ja ni masallaci, daga nan gidansa, matarsa ta cika mini kwano da kuskus da kifi. Yana kira na ɗansa, ni kuma ina ce masa Baba Munsif, abin yana ba shi dariya. Na so mutumin nan ƙwarai, kuma ina son a riƙe wannan kafin a yanke mini hukunci.

Akwai kuma Isufu, mutumin Tawa, mai amsa koken masu hulɗa da kamfanin. Shekararsa tara a can. Ranar da na ji ya ce “mi kac ce?” a waya, saura kaɗan in rungume shi.

Aikin da aka ba ni, sai da na yi sati biyu kafin in gane shi. Ashe ajiyar tasu bene ce mai hawa huɗu. A ƙasa faya-fayan ne kansu, ƙarafa masu juyawa. Hawa na biyu shi ke ɗaure faifai shida wuri ɗaya, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran su riƙe kayan, in biyu suka mutu kuma sai salati. Hawa na uku yana yanka wurin kashi-kashi ya raba wa masu ajiya. Na huɗu shi ne wanda mutum ke gani, mai sunayen fayil. Kowane hawa da manhajarsa, da yarensa, da littafin rahotonsa, da mutumin da ke kula da shi. Abin ya tuna mini shingayen da ke tsakanin Illela da Ƙonni, kowa da littafinsa, kowa ya duba abin da ya dame shi ya ce wuce. Amal tana son manhaja ɗaya da za ta tambayi hawa huɗun nan gaba ɗaya, ta nuna amsar a allo guda, kore in lafiya, ja in akwai matsala. Za a rataya allon a bango kowa ya gani.

Na sha wuya. Hawa na ƙasa yana kiran faifai da lamba, na biyu yana kiran sa da harafi, na uku ya raɗa masa wani dogon suna da ba ya karantuwa. Faifai ɗaya, suna uku. Wani ya ba ni girman wuri da wannan mudu, wani da wancan, in tara su ƙi haɗuwa. Sau da yawa nakan zauna in zura wa allo ido har ya yi duhu da kansa. In Luba ta kira ta ce, “Baban Hassi, aikin na ci gaba?” sai in ce lafiya lau. In ta sa mini muryar Hassi kuma sai abincin ranar ya fita raina, don kewar gida ta kama ni sosai.

Wani abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne taron safe. Kullum a tsaye ake yi, kowa ya faɗi abin da ya yi da abin da ya ɓata. Yarinya ƙarama ta dubi wanda ya haife ta ta ce lissafinsa ba daidai ba ne, shi kuma ya ce ya gode. Bayan haka a rubuta kuskuren a wani shafi da duk duniya ke iya karantawa, da sunan mai shi. Na ɗauka rashin kunya ce ta mutanen birni, na ce Allah ya tsare ni.

A sati na bakwai manhajata ta yi magana karon farko. Hawa na huɗu kore, na uku kore. Sai ga jan layi ɗaya a ƙasa. Wai a cikin faifai shida na wata na'ura, ɗaya ya daɗe da faɗuwa daga ɗaurin, na biyu kuma yana ta tuntuɓe wajen karatu. Na ce ai ni ne na yi shirme, don ba a yi sabon shiga ya zo ya ga abin da masu gida ba su gani ba. Kwana huɗu ina neman kuskurena ban samu ba. Allura ta tono garma. Hawa na biyu ya yi ta aika gargaɗi wata da watanni, amma zuwa wani tsohon akwatin saƙo da aka rufe tun da kamfanin ya sauya adireshi. Wanda ya gina hawa na biyu, ya kuma manta bai sauya adireshin ba, Baba Munsif ne.

Na duba abin da ke cikin na'urar. Wani ƙaramin gidan rediyo na karkara ne ke mayar da tsofaffin kaset-kaset ɗinsa zuwa kwamfuta yana turowa, hirarraki da tsofaffi da tarihin garuruwa. Ana kwafar su zuwa wani wuri a ƙarshen kowane wata, saboda nauyinsu. Na buɗe ɗaya don in tabbatar yana karantuwa, sai na ji wata tsohuwa tana Hausa irin ta wajenmu, tana lissafa rijiyoyin da ake yada zango a kansu in an koro shanu daga arewa. Na saurara har ƙarshe, na ji kamar ina zaune a zauren gidanmu.

Washegari a taron safe Amal ta ce ta ji allona ya fara aiki, me ya nuna? Baba Munsif na tsaye a gefena da kofin shayinsa, kwat ɗin ɗansa na jikina. Na dube shi na ji nauyinsa. A gidanmu, shekarar da albasa ta ruɓe a hannun tsohon mai kula da rumbunan Baba a Gidan Katta, ba wanda ya tare shi da maganar. Amininsa aka samu ya je ya gaya masa a keɓe, ya gyara, har ya rasu ba a taɓa ambata ba. Haka na ga ana yi wa babba. Sai na ce da saura, ina kan dubawa.

Ta ce to a rataya shi a bango haka nan, a ga yadda yake tafiya. Na koma kujerata na ƙara 'yan kalmomi a manhajar, jan layin ya ɓace. Na adana gyaran a inda ake adana kowane gyara, don hannuna ya riga ya saba, har na rubuta a gefe cewa na ɗan lokaci ne. Allon ya hau bango kore shar, aka yi mini tafi.

Na sami Isufu a wurin cin abinci na kwashe komai na gaya masa, na roƙe shi ya zama ɗan aike. Ya ajiye cokali ya dube ni.

“Kai Lawali, nan ba Illela ba ta. Tashi ka rubuta shi ga shahin nan, kowa shi gani.”

“In tona asirin dattijo gaban duniya? Mutumin da yab ba ni tuhwa?”

“Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Shi kanshi ya hi son ka hwaɗi.”

Ban yarda ba. Na yi ta yi masa magiya har ya gaji, ya ce yana da tafiya garin Safakis wurin wani mai hulɗa da su, in ya dawo ranar Litinin zai san yadda zai ɓullo wa tsohon. Ranar Laraba ce muka yi haka.

Hankalina bai kwanta ba, sai na ce bari in gwada da kaina ta bayan gida. Ranar Juma'a bayan masallaci muna shan shayi a gidansa, na kawo masa labarin wani manomi a garinmu mai rumbu kyakkyawa, an yaɓe shi sumul, kowa na yabo, ashe gara ta cinye gindin. Na ce shi ya sa masu hankali kan leƙa ƙasan rumbu lokaci-lokaci, ko da sama na da kyau. Na faɗa da Faransancina na kasuwa, ina cikawa da hannu. A Illela ko yaron goye aka yi wa wannan zance ya san da shi ake. Baba Munsif ya ji daɗin labarin matuƙa. Ya tambaye ni girman garar ƙasarmu, da ko gaskiya ne ana cin ta, ya kira matarsa ya ce in maimaita mata. Na koma masauki ban san ko ya gane ya share ba ne, ko bai gane ba sam.

Faifai na biyu ya mutu ranar Asabar da rana.

Litinin na tarar ofis tsit. An dawo da abin da aka kwafa a ƙarshen wata, amma aikin sati uku na gidan rediyon ya tafi. Amal ta kira su, suka ce wasu kaset ɗin za su iya sake ɗauka, wasu kuwa tun a karatun farko zaren ya tsinke ya murmushe, ba su da wani kwafi. Na duba jerin waɗanda suka salwanta. Tsohuwa mai rijiyoyi na ciki.

A taron safe Baba Munsif ya ajiye kofinsa ya ce laifinsa ne, ya bayyana yadda ya manta da adireshin. Ya zauna ya rubuta shi a shafin nan na duniya, da sunansa, da abin da za a yi don kada a sake. Ba wanda ya sunkuyar da kai, ba wanda ya yi masa kallon raini. Abin da na kwana biyar ina kare shi daga gare shi, ya yi wa kansa cikin 'yan mintoci, ya tashi ya ƙara shayi. Amal ma har ta dafa kujerata ta ce da allona ya kammala da wuri da ya cece mu. Isufu ya dube ni daga nesa, ya kau da kai.

Na yi shiru. Na ga in na ci gaba da shirun za a riƙe ni, Luba ta zo, Hassi ta shiga makaranta a can. Kwana biyu ina wannan lissafi, ina jin kunyar kaina, kuma ban fasa ba.

Na manta cewa a irin wannan aiki ba a share sawu. Baba Munsif ya zauna yana karanta manhajata don ya gano dalilin da ya sa ba ta ga mutuwar faifan ba, ya taimake ni in gyara. Nan ya ci karo da gyarana, da ranar da na yi shi, da 'yar rubutuna a gefe. Ya kira ni baranda, ya rufe ƙofa.

“Ɗana, ka sani tun ranar Laraba.”

Na ce na sani.

“Labarin gara, da ni kake?”

Na ce da shi nake. Na yi ƙoƙarin in bayyana masa nauyi da kunya, na rasa kalmar a Faransanci, na rasa ta a Larabci. Na ce a wurinmu ƙarami ba ya kunyata babba a cikin mutane, girmamawa ce.

“Ka ci abinci a gidana sau shida,” ya ce. “A duk zaman nan, me ka gani a wurina da ya sa ka ɗauka fuskata ta fi mini muryoyin mutanen nan?”

Ya ce ba zai kai ni gaba ba, amma shafin na nan a buɗe, kuma rahoton da ya rubuta bai cika ba tunda babu nawa kason. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna na rubuta da hannuna, da sunana, cewa na ga jan layi na ɓoye shi. Na mayar da layin, na kuma gyara manhajar yadda ba mai iya kashe gargaɗi sai allon ya nuna wanda ya kashe da dalilinsa.

Amal ta karanta ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce manhajar ta yi kyau, za su ci gaba da amfani da ita, kuma suna maraba da gyarana daga ko'ina nake. Amma ba za ta iya ɗora mutum kan gadin allo ba alhali tana tunanin wa yake jin nauyi yau. Na ce na fahimta, ko da yake rabin zuciyata na cewa an zalunce ni, rabi na cewa an yi mini sauƙi. Ranar tafiya na kai wa Baba Munsif kwat ɗin ɗansa, ya karɓa, ya raka ni har bakin mota, ya yi mini addu'a.

Na iso Illela ana gobe kasuwa, manyan motoci sun cika hanya tun daga kan iyaka. Na gaya wa Luba gaskiya tun a waya, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Baba ne na ji tsoro. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida da abokansa uku, ya ce in zauna in faɗi abin da ya maido ni. Na yi niyyar wannan karon ba zan rufe komai ba. Na faɗi hawa huɗu, da jan layi, da dattijon, da kaset ɗin da suka tafi. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce dama ya gaya mini.

Sai na ji ya yi gyaran murya, ya juya wajen abokansa.

“Kun ji ko? Aiki nai ya bari don kar shi kunyata babba cikin mutane. Ni dauri ina cewa boko ya ɓata min shi. Wanga ɗa nawa na. Allah shi yi ma albarka, Lawali.”

Suka amsa da amin, ɗaya ya miƙo mini hannu. Tun da na buɗe shagon nan Baba bai taɓa yabona a gaban mutane ba sai ranar. Na so in ce masa ba haka ba ne, Baba, akwai wata tsohuwa da ta san rijiyoyin da kakanninmu suka shayar da shanu, ni na ji ta, kuma saboda ni ba mai sake jin ta. Maganar ta zo mini har baki. Na ɗaga kai na ga farin gemunsa, na ga abokansa na kallon sa yana murmushi.

Na ce amin, Baba.